Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga malaman da ke koyar da rubuta manhaja a Damagaram

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Malamaina, Allah ya ƙara muku lafiya da yawan rai. Bayan gaisuwa irin ta ɗalibi ga malamansa, da fatan iyali da ɗalibai duk suna lafiya, ina neman izini in kawo roƙo gabanku, ku da ke koyar da ilimin kwamfuta a jami'a da cibiyoyin fasaha da makarantu masu zaman kansu na wannan gari. Ni ɗaya ne daga cikin waɗanda suka zauna a bencinku. Da abin da kuka koya mini nake ciyar da iyalina yau, ina rubuta wa 'yan kasuwa da masu shagunan magani da makarantu manhajojin aiki, tsakanin Zango da kasuwar Dolle. Na zaɓi in yi maganar a fili ne don ƙannena da ke aji yanzu su ma su ji.

Roƙon shi ne ku shigar da lissafin riba da asara cikin darasin manhaja kansa, har ya zama yaro ba ya zaɓar hanyar aiki sai ya iya faɗin abin da za ta ci, da wanda zai biya, da abin da za a fasa yi saboda ita.

Yaran da kuke yayewa sun iya aiki, wannan ba a ja. Suna zana tsari da Merise da UML, suna rubutu da Java da PHP da Python, rumbun bayanai ba ya ba su tsoro. Amma zaunar da ɗaya daga cikinsu ka ce masa ga hanya biyu, wacce za mu bi? Sai ya nuna maka wadda ya ce ita ake yayi, ita manyan kamfanonin duniya ke amfani da ita. Ka ce to nawa za ta ci wa Alhaji a shekara biyar? Nan fa sai kallon ƙasa. Kuma ban ga laifinsa ba, domin a ranar kare aikin kammala karatu ana yi masa tambaya a kan zane, a kan tsaro, har a kan yadda ya jera shafuka, amma da wuya a ji wani daga cikin alƙalan ya tambayi kuɗi. Abin da ba a ba da maki a kansa kuwa ɗalibi ba ya ɓata darensa a kai.

Maganar ba sabuwa ba ce a fannin. Tun 1981 Barry Boehm, wani injiniya a Amurka, ya fitar da littafi guda a kan tattalin arzikin aikin manhaja, tare da hanyar ƙiyasi da ake kira COCOMO, wadda ya gina a kan bayanan ayyuka 63 da aka riga aka gama. Alƙaluman wancan zamani sun tsufa, ba su nake so a haddace ba. Abin ɗauka shi ne ɗabi'ar mutumin: ya ɗauki kowace shawara ta fasaha a matsayin kashe dukiyar wani, don haka sai an auna.

Ga inda abin ya fi damuna. Littattafai da bidiyoyin da yaranmu ke koyo da su, galibi an yi su ne a ƙasashen da lokacin injiniya ya fi kome tsada, inji da wuta da intanet kuwa sun yi araha ƙwarai. A can idan aka ce maka ka yi hayar saba mai ƙarfi, wato babbar kwamfutar da manhaja ke zama a kanta a intanet, maimakon ka ɓata mako guda kana rage wa manhajarka nauyi, gaskiya aka gaya maka, domin albashin makon nan ya isa ya biya hayar wata da watanni. A Damagaram farashin juyawa ya yi. Matashin da ya iya aiki yana nan, ladansa ba shi da yawa, wasu ma zaune suke. Saba kuwa da dalar Amurka ake biyan hayarta. Sefa tana ɗaure da yuro, kusan 656 kowane ɗaya, amma ba ta ɗaure da dala, don haka kuɗin wata yana hawa da sauka ba tare da kowa ya taɓa kome ba. Kafin a biya ma sai an sami katin banki da kamfanin waje zai karɓa, kuma sau da yawa katin na yaron da ya rubuta manhajar ne, ba na mai shago ba. Sai mega da za a riƙa saye kowane wata, sai rezo da ke zuwa yana tafiya, sai wuta. Kowa ya tuna halin da aka shiga lokacin da aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya a watan Agusta 2023. Shawarar da ta yi daidai a Kalifoniya tana iya zama asara zalla a Sabon Gari, ba don fasahar ta lalace a hanya ba, sai don abin da ke tsada can shi ke araha nan. Wanda bai koyi duba farashi ba, zai kwafo amsar ya baro dalilinta.

Na shiga ɗakin ajiyar wani babban dillalin shinkafa da sukari ranar wata Alhamis, kasuwa ta cika. An girka masa manhaja mai kyan gani, sabuwar kwamfuta a kan tebur, an rufe allon rubutunta da ƙyalle saboda ƙura. A fuskarta ba kome sai wata 'yar da'ira tana ta juyawa. Masu amalanke uku na tsaye a ƙofa suna jiran takardar fitar da kaya, ɗayansu har ya soma faɗa. Yaron shagon ya duba da'irar, ya duba su, ya sunkuya ya jawo tsohon littafi daga ƙarƙashin tebur, ya zaro biro daga bayan kunnensa ya ci gaba da rubutu kamar yadda yake yi tun fil azal. Ya ce mini da dare zai kwafe cikin inji in rezo ya dawo. Wato aikin da aka sayi manhaja don a rage shi ya zama biyu. Wanda ya rubuta ta bai yi kuskure ko ɗaya a rubutunsa ba. Ya dai zaɓi tsarin da ba ya motsi sai da intanet, a shago guda ɗaya tilo da ba ya bukatar magana da kowa a waje.

Bari in yi lissafin da nake so a koya, da alƙaluman misali kawai, kowa ya sa nasa. A ce hanya ta farko, mai zama a intanet, rubuta ta jika 400 ne, hayar saba da sunan shafi a intanet jika 15 a wata, mega jika 10. Jika 25 a wata ke nan, jika 300 a shekara, miliyan 1 da rabi a shekara biyar. A haɗa da kuɗin rubutu, miliyan 1 da jika 900. A ce hanya ta biyu, mai zama cikin kwamfutar shago ba ruwanta da rezo, ta fi wahalar girkawa, ladanta jika 700, batir da na'urar ajiye kwafi jika 150, zagayen dubawa jika 5 a wata, wato jika 300 a shekara biyar. Jimla miliyan 1 da jika 150. Wadda ta fi tsada a ranar ciniki ita ta fi araha da jika 750, kuma mafi yawan kuɗinta a aljihun ɗan gari ya tsaya. Ban ma sa asarar ranakun da da'ira ke juyawa ba.

Kada a ɗauka ina yaƙi da intanet ne. A canza abu ɗaya cikin misalin, amsa ta canza. Idan Alhajin nan yana da rassa a Magariya da Matamaye da Tanut, kuma kowane wata buhuna na salwanta tsakanin mota da sito ba a san inda suka shiga ba, to ganin kaya duka a wuri ɗaya yana iya tsare masa abin da ya ninka jika 25 sau goma. A nan hanya ta farko ce daidai, ko kuma ta tsakiya, wadda ke aiki ba rezo sannan ta aika bayanai in ya samu. Yaron da ya iya wannan lissafin zai ba mutum biyu amsa biyu daban, kuma duka ya yi gaskiya. Wanda bai iya ba, amsa ɗaya gare shi ga kowa.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar ƙiyasi: sati uku da aka kashe wajen ƙawata shafin shiga da launuka masu motsi, sati uku ne da ba a yi wa mai shago sashen bin bashi ba, alhali bashin da ke hannun abokan cinikinsa shi ke hana shi barci. Kuɗin kowane aiki ya haɗa da amfanin aikin da aka ajiye dominsa. Ɗan kasuwar da bai taɓa shiga aji ba ya san haka sarai in yana zaɓar ko wake zai saya ya ajiye ko riɗi. Mu da muka yi karatu ne muke mantawa.

Sai batun kulawa bayan an miƙa aiki. Masu binciken fannin sun daɗe da gano cewa abin da ake kashewa a kan manhaja bayan an soma amfani da ita, gyara ne ko ƙari ko daidaita ta da sabon yanayi, galibi ya fi rabin duk kuɗin da za ta ci a rayuwarta. Manhaja kamar gidan ƙasa na Birni take: ginin ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, kowace shekara sai an yi yaɓe kafin damina, wanda ya tsallake biyu ko uku kuwa katanga ce za ta ba shi labari. Haraji ya canza, an sake fasalin takardar ciniki, salular mai shago ta sabunta kanta, yaron da ya san sirrin aikin ya sami aiki a Yamai, kilomita wajen 900 daga nan. Ga mu kuma da cinikin kan iyaka. Wanda ke saro kaya daga Kano ko Maigatari da naira yake lissafi rabin ranarsa, kuma bayan da aka saki nairar a watan Yuni 2023 darajarta a kan dala ta faɗi fiye da rabi cikin ƙasa da shekara. Duk manhajar da aka binne farashin canji a cikin rubutunta, maimakon a bar wa mai shago wurin da zai canza shi da kansa kowace safiya, ta zama sai an kira mai gyara a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ƙannena suna yanka farashi kamar ranar girkawa ce ranar rabuwa. Daga baya a yi ta kiransu kyauta har su gaji su daina ɗaukar waya, a ce masu kwamfuta ba su da alkawari.

A kan rubutawa daga tushe ba zan ja magana ba. Don koyo, a bar yaro ya sake ƙera duk abin da ya ga dama. Da kuɗin wani kuwa, tambayar farko ita ce ko akwai wanda ya riga ya yi. Ma'aikatar lafiya ta ƙasarmu da DHIS2 take tattara alƙaluma, manhajar da Jami'ar Oslo ke jagoranta, wadda ƙasashe fiye da 70 ke amfani da ita. Masu aikin ƙididdiga a ƙauyuka suna da KoboToolbox da ODK, suna aiki ba rezo. Abin kyauta ma yana da kuɗinsa, na koyo da girkawa da kulawa, sai a sa shi a ma'auni tare da sauran. M-Pesa, hanyar aika kuɗi ta waya da ta tashi a Kenya a 2007, a kan ƙananan saluloli ta yi ƙarfi, domin su ne a hannun jama'a. Kafin a rubuta wa manoman wajen Mirriya manhajar babbar waya, a fara tambayar irin wayar da ke aljihunsu.

Lokaci ma kuɗi ne, amma ba kowace rana ke da farashi ɗaya ba. Manhajar rajistar ɗalibai da ta iso a watan Disamba, bayan an koma makaranta tun Oktoba, ta yi asarar shekara guda cur, ko da sati takwas kawai ta makara. Ta sayen amfanin gona da ta wuce kaka haka. A irin wannan hali gaggawa tana da hujja: a yi rabin aikin da zai iya tsayawa da ƙafarsa, a bar sauran. Ward Cunningham, wani masanin manhaja a Amurka, shi ne ya sa wa irin wannan tsallake suna bashi a 1992, domin abin da aka tsallake yau za a biya shi gobe har da ƙari, ta hanyar wahalar da kowane sabon gyara zai riƙa bayarwa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, babu manhajar da ba ta da shi. Wanda ake tsoro shi ne wanda aka ci ba a rubuta ba, har mai shi bai san ana binsa ba. Ku koya musu su buɗe shafi su rubuta: mun tsallake kaza don mu cim ma ranar kaza, biyansa zai ɗauki kwana kaza, kuma mai aiki ya sani ya yarda. Idan kuma aiki ya makara, kada a ruga a ƙaro hannaye. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aiki a kamfanin kwamfuta na IBM, ya nuna tun 1975 cewa ƙara mutane a kan aikin da ya makara ƙara makarar da shi yake yi. Dalilin a fili yake: mutum 4 hanyoyin magana 6 ne tsakaninsu, mutum 8 kuwa 28, ga kuma koyar da sababbi.

Mafi wuya duka shi ne barin aikin da aka riga aka zuba wa dukiya. "Ai mun kashe da yawa, ba ma tsaya yanzu ba." Na ji wannan magana daga bakin manya masu hankali. Abin da aka kashe ya tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Tambayar da ta rage ita ce ko abin da za a ƙara daga yau zai dawo da abin da ya fi shi. Manyan ƙasashe ma sun sha wannan ɗaci. Hukumar FBI ta Amurka ta yi watsi da manhajar kundin bincikenta a 2005 bayan kusan dala miliyan 170. Faransa ta soma biyan sojojin ƙasa albashi da wata manhaja mai suna Louvois a 2011, wasu aka biya su ƙasa da haƙƙinsu, wasu aka yi musu ƙari aka dawo ana bin su, sai a ƙarshen 2013 ministan tsaro Jean-Yves Le Drian ya sanar za a bar ta. A 2014 kuma suka dakatar da babban shirin biyan albashin ma'aikatan gwamnati bayan yuro miliyan 346, wato kusan sefa miliyar 227. Su suna da aljihun da zai ɗauka. Ƙaramar makaranta ko ƙungiyar mata masu adashi a nan, miliyan 2 sun isa su durƙusar da ita. Injiniyan da zai iya duban mai kuɗi cikin ladabi ya ce ranka ya daɗe, a tsaya nan, ya fi mata amfani a kan wanda ya fi shi iya rubutu.

Haka gwaji da ajiye kwafi, su ma da ma'auni. A ranar 1 ga Agusta 2012 wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya yi asarar dala miliyan 440 cikin kusan minti 45 saboda kuskure wajen girka sabuwar manhaja. Irin wannan wuri ko wata nawa aka yi ana gwaji ba a yi ɓarna ba. Shafin da ke tallar ɗinkin tela kuwa ba ya bukatar haka. A auna yiwuwar abin ya faru, a auna girman asarar in ya faru, sannan a san nawa ya cancanci a kashe wajen tsare shi. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu, ga wuta mai ɗaukewa ba sallama, mutuwar kwamfuta ba abin mamaki ba ce. Idan kundin bashin mai shago duka yana cikinta, kwafin da za a riƙa kaiwa gida kowace yamma shi ne abu mafi araha da mafi riba a duk aikin, kuma shi aka fi mantawa.

Na san abin da wasunku za su ce, Allah ya gafarta malamai: lokaci bai isa ba, kuma ba 'yan kasuwa kuke horarwa ba. Na san kuma akwai abin da ba a sa masa farashi. Sirrin marar lafiya da ke cikin manhajar asibiti amana ce, ba a cewa tsare ta ya yi tsada don haka a bari, ga doka ma da hukumar kare bayanan jama'a a ƙasar nan. Wannan iyaka ce, lissafi a cikinta yake yawo. Game da lokaci kuwa, ban roƙi sabon darasi mai sa'o'i talatin ba. Shafi biyu nake roƙo a kowane kundin kammala karatu: ɗalibi ya kawo aƙalla hanya biyu da za a iya bi, ciki har da ɗaukar abin da ke akwai ko ma ci gaba da littafi da biro, ya ƙiyasta kuɗin kowacce na shekara biyar da sefa, ya faɗi wanda zai kula da ita in shi ba ya nan, sannan ya kare zaɓinsa. Farashin kuma ya taka da ƙafarsa ya je ya tambayo, kada ya kwafo daga intanet. A ranar karewa a ajiye kujera ɗaya ga wani mai shago ko mai riƙe da kuɗin wata makaranta, a bar shi ya yi tambaya da Hausa. Ɗalibin da bincikensa ya kai shi ga cewa wannan wuri bai bukaci manhaja ba tukuna, ya kuma kawo hujja, a ba shi makinsa cikakke.

Mu da ke cikin aikin a gari a shirye muke mu ba da tsofaffin takardun ƙiyasinmu, a goge sunayen masu su, ku yi darasi da su, har da waɗanda lissafinsu bai fita ba. In kun ga dama ku sa mana rana bayan an dawo hutu, mu zo aji da kanmu.

Idan na yi shisshigi a yafe mini. Allah ya saka muku da alheri, ya albarkaci zuri'a.

Wassalam.

Ɗalibinku na dā,
daga unguwar Zango, Damagaram.